Dalilin Da Ya Sa Ake Cire 'Ya'yan Farko Daga Jikin Sabon Dashen Inabi

Noman inabi na ƙara samun karɓuwa a wasu sassan arewacin Najeriya, musamman a Ƙaramar Hukumar Kudan da ke kusa da Zariya a Jihar Kaduna, inda manoma suka nuna cewa 'ya'yan itacen da aka saba gani a cikin kwali daga Afirka ta Kudu ko Masar na iya fita a ƙasar gida. Wannan ya ja hankalin mutane da dama, tun daga ma'aikatan da suka yi ritaya zuwa matasa masu neman sana'a, har da masu dasa gindi biyu ko uku a tsakar gida.

Sai dai akwai wata shawara da kan yi wa sabon manomi wuyar haɗiya. Bayan ya sayi dashe, ya kafa dirkoki, ya ja waya, ya shafe watanni yana ban-ruwa, sai wata safiya ya ga 'yan furanni sun ɓullo a jikin ƙaramin inabinsa. A daidai wannan lokaci na murna ne masana aikin gona ke cewa ya sa hannu ya tsinke su duka.

Shawarar ba sabuwa ba ce, kuma ba camfi ba ne. A ƙasashen da suka daɗe da wannan noma, irin su Italiya da Faransa da Sifaniya, an saba hana inabi yin 'ya'ya a shekarar farko da ta biyu, sai a ta uku ake fara ɗibar amfani, shi ma kaɗan. Dalilin yana ga yadda itacen ke raba abincinsa.

Inda abincin ke tafiya

Ganyen inabi ne ke haɗa sukari da taimakon hasken rana. Wannan sukari shi ne kaɗai jarin da itacen ke da shi, kuma masu neman rabonsu suna da yawa: akwai sabon toho da ke son miƙewa, akwai saiwoyi da ke son nutsawa cikin ƙasa, akwai kututture da ke son yin kauri, sannan akwai ajiya. Inabi kan mayar da rarar sukarinsa sitaci ya adana a cikin saiwoyi da kututture, kamar yadda magidanci ke zuba hatsi a rumbu.

Wannan ajiya ita ce rayuwar itacen. Duk lokacin da aka datse rassansa, ba ya da ganyen da zai haɗa masa abinci, don haka da abin da ke cikin rumbun yake fitar da sabon toho. Sabon ganye ma ba ya fara ciyar da sauran jiki sai ya kai kusan rabin girmansa. Kafin nan shi ma ci yake yi.

'Ya'ya kuwa su ne mafi ƙarfin ja a cikin masu neman rabon. Da zarar sun fara laushi suna sauya launi, mafi yawan sukarin da ganye ke haɗawa wurinsu yake tafiya, tare da sinadarin fotashiyam mai yawa. Idan abin da ganyen ke samarwa bai isa ba, sai itacen ya buɗe rumbunsa ya ƙara musu. Babban inabi mai shekara biyar ko shida na iya jure haka, domin yana da ganye da yawa da saiwoyi masu zurfi. Ƙaramin dashe ba shi da ko ɗaya.

Akwai alƙaluman da ke fayyace lamarin. Binciken da wasu masana biyu, Kliewer da Dokoozlian, suka wallafa a 2005 daga Kalifoniya ta Amurka ya nuna cewa a tsarin waya na yau da kullum, kowane kilo ɗaya na inabi na buƙatar ganyen da faɗinsa ya kai murabba'in mita 0.8 zuwa 1.2 kafin ya nuna yadda ya kamata. Idan aka ɗauka kowane ganye na da tsawon santimita 10 da faɗin santimita 10, to kilo ɗaya na buƙatar kimanin ganye 100. Manomi na iya tsayawa gaban dashensa ɗan wata shida ya ƙirga ganyen da ke jikinsa, ya ga ko lissafin zai fita.

Tun kafin nan, Farfesa Albert Winkler na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, wanda littafinsa na 1962 kan noman inabi ya zama abin dogaro a fannin, ya kafa ƙa'idar cewa amfanin da itacen inabi ya ɗauka a bana yana rage masa ƙarfin da zai shiga baɗi da shi, wani lokaci har shekarun da ke bayanta. Ma'ana, 'ya'yan farko ba kyauta ba ne. Bashi ne da aka ci daga saiwa, kuma sai an biya.

Makiyaya sun san irin wannan tun da daɗewa. Karsanar da ta ɗauki ciki tun ba ta gama girma ba takan tsumbure, ɗan maraƙin ya zo da rauni, nonon ma bai taka kara ya karya ba. Haka manomin gero ke yin cira, ya tumɓuke lafiyayyun tsirrai daga rami don waɗanda suka rage su yi ƙarfi. Ba wanda ke kiran wannan ɓarna.

Akwai kuma wani abu game da inabi da ba kowa ya sani ba. Furannin da za su fito a zango mai zuwa ana ƙulla su ne tun a wannan zangon, a ɓoye cikin idon da ke gindin kowane ganye. Idan itacen na cikin yunwa saboda nauyin 'ya'ya, ko kuma idanun ba sa samun hasken rana, da yawansu ba za su ƙulla fure ba. Maimakon haka sai su fitar da siririn zaren nan da inabi ke kama waya da shi, domin fure da zaren daga tushe ɗaya suke fitowa. Shi ya sa manomin da ya bar nono uku ko huɗu a jikin ƙaramin dashe kan yi mamaki idan shekara ta zagayo ya ga ganye kawai.

Alamomin dashen da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsa ba sa ɓuya. Rassa kan tsaya da girma, gaɓoɓinsu su matsu kusa da juna, bawonsu ya ƙi komawa ruwan ƙasa. 'Ya'yan kan yi jinkirin nuna, wasu ja wasu kore a nono guda, ga tsami. Inabi kuma ba kamar ayaba ko mangwaro ba ne, ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi; wanda aka cire da tsami haka zai isa bakin mai saye. Bayan an yi datsa ta gaba, idanu da yawa kan ƙi tsagewa, kuma itacen da ya raunana haka shi ne gara da cututtuka ke fara samu.

Ƙirgar shekara ba ta wadatar ba

A nan ne ya kamata manomin Najeriya ya yi hattara da shawarwarin da yake karantawa a intanet, domin mafi yawansu an rubuta su ne don ƙasashe masu sanyi. A can inabi na zubar da ganye ya yi barci na watanni a lokacin hunturu, don haka zangon girma ɗaya ne kacal yake da shi a shekara. A ƙasashe masu zafi ba ya barci. Muddin akwai ruwa yana ci gaba da girma, kuma datsa ce ke tsara masa lokacin da zai yi fure.

Manoman Nashik a jihar Maharashtra ta Indiya, waɗanda ke fitar da inabi mai yawa zuwa kasuwannin Turai, kan datse inabinsu sau biyu a shekara. Datsar watan Afrilu don itacen ya fitar da sababbin rassa ya tara abinci ce, ba a neman 'ya'ya daga gare ta. Ta watan Oktoba, bayan damina ta ja baya, ita ce ta 'ya'ya, a yi girbi daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu. A kwarin kogin Sao Francisco da ke arewa maso gabashin Barazil kuwa, ana iya girbi sau biyu a shekara da ban-ruwa.

A irin waɗannan wurare, dashen da ya samu kulawa na iya kaiwa matakin ɗaukar amfanin farko a cikin shekara ɗaya da rabi ko biyu, abin da takwaransa na Turai ke buƙatar shekara uku. Wani kuma, a ƙasa mara ƙarfi ko inda ruwa ke yankewa, zai shekara uku bai kai ba. Don haka tambayar da ta dace ba ita ce shekarar dashen nawa ba. Tambayar ita ce ko ya gama gina jikinsa.

Ginin jiki kuwa abu ne da ido ke gani. Da farko ana zaɓar toho guda mafi ƙarfi a ɗaure shi a jikin turke don ya miƙe, a riƙa cire 'yan rassan da ke fitowa a gefensa, har ya kai tsayin waya ko rumfar da aka tanada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma kututturen da ya karkace a wannan mataki haka zai zauna. Idan ya kai waya sai a tsinke kansa, a bar rassa biyu su bi waya hagu da dama su zama hannuwan dindindin. Daga jikin hannuwan nan ne rassan da za su yi 'ya'ya ke fitowa.

Sai an ga kututture ya kai waya ya yi ƙwari, hannuwa sun miƙe sun cike wurin da aka ba su, rassan da ke kansu sun ƙosa sun koma ruwan ƙasa da kaurin fensir ko fiye, sannan ake maganar barin 'ya'ya. Kafin nan, duk furen da ya fito kishiyar kututture ne.

Wannan ma'auni ya fi muhimmanci ga dashen da aka yi wa aure. A Indiya an fi aura irin Thompson mara ƙwallo a kan gindin wani iri mai suna Dogridge, wanda ke jure ƙarancin ruwa da ƙasa mai gishiri. Wurin da aka haɗa auren na buƙatar lokaci kafin ya warke ya yi ƙarfi, kuma ɗora masa nauyin 'ya'ya da wuri na jinkirta hakan.

Yadda ake cirewa

Aikin kansa ba shi da wahala. Lokacin yinsa ne ke da muhimmanci. Furen inabi na fitowa ne daura da ganye, galibi tsakanin gaɓa ta uku zuwa ta shida daga gindin sabon toho. Yakan fara bayyana kamar 'yan ƙananan ƙwayoyi kore a dunƙule tun tohon bai wuce tsawon tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa a cire shi, tun bai buɗe ba. A sannan farce ma ya isa a tsinke shi, kuma itacen bai kashe komai a kansa ba. Wanda ya jira har 'ya'yan suka kai girman wake ya riga ya yi asarar wani ɓangare na abin da yake son tattalawa, ko da yake cirewar a lokacin ta fi barinsu.

Idan sandar furen ta yi ƙwari, sai a yi amfani da almakashi mai kaifi, kada a fizga, domin fizga na iya yage bawon reshe ko ta lalata idon da ke kusa. Ana goge bakin almakashin da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta idan za a tashi daga wani gindi zuwa wani, musamman inda aka ga alamar cuta. An fi son yin aikin bayan raɓa ta bushe, a ranar da babu ruwan sama, saboda cututtukan fumfuna da ke addabar inabi a damina sun fi yaɗuwa a jikin jiƙaƙƙen ganye.

Zagaye ɗaya ba ya isa. Inabi kan sake fitar da ƙananan furanni a jikin rassan gefe bayan an cire na farko, don haka ana komawa duk bayan mako ɗaya ko biyu a duba. Abin da ba a taɓawa shi ne lafiyayyen ganyen da ke jikin babban toho. Wasu kan haɗa da shi wajen tsinka don gonar ta yi kyan gani, alhali shi ne ke ciyar da saiwar da ake ƙoƙarin ginawa. Ko masu sha'awar dafa ganyen inabi da shinkafa a naɗe, kamar yadda mutanen Lebanon da Turkiyya ke yi, gara su nemi nasu daga manyan itatuwa.

Idan an makara har 'ya'yan suka girma, ba lallai ne a zubar da su ba. A Iran da ƙasashen Sham ana matse ɗanyen inabi a samu wani ruwa mai tsami da ake sa wa a miya da kwaɗo a madadin lemon tsami. Sharaɗin kawai shi ne kada a ci wanda aka yi wa feshin magani kwanan nan.

Akwai uzuri guda da masana ke amincewa da shi. Wanda ya sayi dashe ba tare da tabbacin irinsa ba na iya barin nono ɗaya a jikin gindi biyu ko uku mafi ƙarfi, don ya ga launi da girma da ɗanɗano, ya kuma san ko mai ƙwallo ne ko mara ƙwallo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin inabin da aka shuka daga ƙwallo ba ya gado kamannin uwarsa, kuma gara mutum ya gano an sayar masa da abin da bai nema ba tun a shekarar farko. Amma gwaji ne a kan gindi kaɗan, ba ƙofar barin 'ya'ya a gona duka ba.

Haka kuma wani lokaci akan samu akasin matsalar. A ƙasa mai taki da yawa, musamman inda aka cika zuba takin yuriya, ƙaramin inabi na iya yin girman hauka: rassa masu kauri fiye da kima, gaɓoɓi masu nisa, ganye ya rufe ko'ina. Irin wannan, idan ya riga ya kai waya ya fitar da hannuwa, barin masa nono ɗaya ko biyu na taimakawa wajen rage masa gudu. Wannan ma na nuna cewa gindi-gindi ake yanke hukunci. A layi guda za a iya samun wanda ya isa da wanda bai isa ba.

Ko a zangon da aka fara barin 'ya'ya, ba a sakar wa itacen kaya gaba ɗaya. Abin da aka saba shi ne nono ɗaya a kan kowane reshe mai ƙarfi, a cire na biyun, rassa gajeru ko sirara kuma a bar su babu komai. Daga nan ake ƙarawa sannu a hankali, ana lura da yadda itacen ya fito bayan kowane girbi.

Batun aljihu

Babban abin da ke hana bin wannan shawara ba rashin sani ba ne, matsin kuɗi ne. Gonar inabi na cin jari tun kafin ta ba da ko sisi: dashe, dirkoki, waya, rijiyar burtsatse ko injin ban-ruwa, mai, magani da leburori. A ɗauki misalin wanda ya dasa da tazarar mita 3 tsakanin layuka da mita 2 tsakanin gindi da gindi. Hekta ɗaya za ta ɗauki gindi sama da 1,600. Idan kowane ya fitar da nono biyu masu nauyin giram 200, lissafin ya haura kilo 600. Mutumin da bashi ke kansa ba zai kalli wannan adadi ya kawar da kai cikin sauƙi ba.

Amma lissafin na da ɓangare na biyu. Waɗannan kilo 600, idan ma sun nuna, ba za su kai zaƙin da kasuwa ke so ba, wanda ga inabin ci yakan fara daga kusan kashi 16 cikin 100 na sukari. Kuma abin da aka sa a faifai shi ne itacen da ake sa ran zai yi shekaru masu yawa yana bayar da amfanin da ya ninka wannan sau da dama a kowane girbi. Jinkirta kammala hannuwa da zango ɗaya na nufin jinkirta cikakken girbi da zango ɗaya, alhali kuɗin ruwa da magani ba su tsaya ba. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka wanda zai karɓi rance don kafa gonar inabi ya kamata ya duba wa'adin biya da kyau. Rancen da aka tsara don masara ko shinkafa, wanda ake biya cikin watanni kaɗan, bai dace da itacen da ba a son ya yi 'ya'ya a zangonsa na farko ba. Irin wannan wa'adi ne ke tura manomi ya ɗora wa dashe abin da ya san bai kamata ba.

Hanyar da wasu ke bi don rage raɗaɗin jiran ita ce shuka gajerun amfani a tsakanin layuka, kamar gyaɗa ko albasa, tare da barin fili a kewayen gindin inabin don kada su yi takarar ruwa da taki. Dogayen amfani irin masara da dawa na tare masa rana. Tumatir da kuɓewa kuma na tara tsutsar da ke sa saiwa yin ƙulli, wadda ke kama inabi ma, don haka an fi son a nisanta su.

Mai neman ƙarin haske kan irin da ya dace da yankinsa da lokacin datsa na iya tuntuɓar malaman gona na jiharsa, ko Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a Zariya, ko Cibiyar Binciken Kayan Lambu da 'Ya'yan Itatuwa ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Yana da kyau ya je da bayanin ranar da ya dasa, da tsayin wayarsa, da hoton kututture da rassan kamar yadda suke a gona, domin da su za a iya gaya masa ko dashensa ya isa ɗaukar nonon farko ko sai ya ƙara zango ɗaya.